Abin da ya fara kama idona a Malesiya

Malam, ka tambaya wane kyan halitta ne ya fara burge mu da muka zauna ƙasar waje. Ni dai koren ƙasa ne. Na baro Katsina a watan Disamba cikin ƙurar hunturu, na sauka Kuala Lumpur karatu, sai ga ko'ina shar, ruwan sama yana sauka da la'asar.

Amma Cameron Highlands, a jihar Pahang, ita ta ɗaure min kai. Tudu ne mai tsayin kusan mita 1,500, gonakin shayi sun lulluɓe shi kamar an shimfiɗa darduma, gajimare yana ratsawa ƙasa da inda nake tsaye. Har rigar sanyi sai da na sa. Wallahi na daɗe ina tasbihi kafin na tuna da ɗaukar hoto.