Amsa ga ƙanwata mai son zuwa Ingila nazarin ciwon dajin mafitsara

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso. Kin ce kina neman gurbin digiri na biyu a nan Ingila, kina so ki yi bincike kan yadda jinsi da shekaru ke shafar rayuwar masu ciwon dajin mafitsara, kina tambaya ko batun zai karɓu. Zai karɓu ƙwarai, ni kuma da nake aikin jinya a sashen masu lalurar fitsari ina matuƙar son ki yi shi.

Maza sun fi mata kamuwa da ciwon nan kamar sau 3, amma in ya kama mace ya fi saurin tafiya da ita, musamman a shekara 2 na farko bayan an gano shi. Jinkiri na daga cikin manyan dalilai. Namiji ya ga jini a fitsarinsa, ba a daɗewa ake tura shi a leƙa mafitsarar da na'ura. Mace kuwa sai a ce ciwon sanyi ne, a ba ta magani, ta dawo, a sauya mata wani. Kafin a ankara ciwon ya ci bangon mafitsara. Alhali tun 2015 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya a Ingila, ta rubuta cewa duk wanda ya kai shekara 45 ya yi fitsarin jini ba tare da sanannen dalili ba, a tura shi da gaggawa. Na yi jinyar dattijai mata da suka kwashe watanni a kan maganin sanyi, har yau abin yana ci min rai.

Batun shekaru kuma, fiye da rabin masu ciwon a nan sun kai 75. Ƙodarsu sau da yawa ba ta iya ɗaukar maganin kansa na cisplatin, tiyatar cire mafitsara kuma ba kowane tsoho ke jure ta ba. Tsoho in ya rasu, kansar ce ko zuciya? Lissafin rarrabe wannan shi ne ainihin abin da za ki koya, kuma makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, mai gudanar da shirin CONCORD na bin diddigin tsawon rayuwar masu kansa a duniya, ta ƙware a kai.

Sai dai ki sani, alƙaluman nan na tsofaffi ne da taba sigari ta yi wa illa. Namu na gida daban ne. Tsargiya, wadda yara ke kwasa a kududdufai da gonakin noman rani, tana haddasa wani nau'in kansar mafitsara mai tsanani da ke kama mutum tun yana 40 ko 50. Masar ta ga raguwar wannan nau'in bayan ta yaƙi tsargiya. To macen karkara da ke jin nauyin faɗa wa likita namiji tana fitsarin jini, a wane mataki take isa asibiti? Wannan tambayar nake so ki zo da ita, don ba a rumbun bayanan Ingila za ki sami amsarta ba.

Saboda haka kafin ki taso, ki nemi izinin asibitinku ki tattaro bayanan ɗakin gwajin tsoka: shekaru, jinsi, nau'in ciwo, da lambar dangin da za a kira a ji ko mutum yana raye. Ki kuma zauna da maigida ku yi shawara, domin tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya zuwa da iyali. Ki gaida Mama da yara.