Ga mai neman asalin kakan surukarta a Ailan

Malama, na ga tambayarki. Kin ce surukarki na son sanin garin da kakanta ya fito, abin da kuka sani kawai shi ne sunansa Murphy, ɗan Katolika ne, ya bar Ailan zuwa New York wajen 1880. Na yi wa dangin matata irin wannan aiki, shawarata ita ce kada ki taɓa takardun Ailan tukuna. Murphy shi ne sunan dangi mafi yawa a ƙasar, nemansa ba tare da sanin ƙauye ba kamar shiga kasuwar Kurmi ne kina cigiyar Malam Musa.

Ki fara daga inda ya ƙare rayuwarsa. Takardar mutuwa, ta aure, ta zama ɗan ƙasa, sanarwar rasuwa a jarida, har rubutun kan kabari. Abin da kike farauta shi ne sunan gundumar cocinsa ko na ƙauyensa, da sunayen iyayensa. Mu a bayan wani tsohon katin addu'ar mamaci muka samu, an rubuta sunan ƙauyen da fensir, rabinsa ya goge. Ki bi 'yan'uwansa ma, sau da yawa takardar ƙanwa ce ke faɗin abin da ta wanta ta yi shiru a kai. Kuma kada ki ɓata lokaci a kundin Ellis Island, tashar karɓar baƙin haure ta New York, sai 1892 aka buɗe wurin. A zamaninsa a tsohuwar tashar Castle Garden ake sauka, jerin fasinjojin lokacin kuma galibi sunan ƙasa kawai suke bayarwa.

Za ki ji ana cewa duk takardun Ailan sun ƙone. Wannan magana tana ɓata min rai, don ta sa mutane da yawa sun haƙura a banza. Gaskiya ne gobarar 1922 a ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin ta cinye mafi yawan takardun ƙidayar jama'a na 1821 zuwa 1851. Amma rajistar cocin Katolika tana hannun limamai, ba ta cikin ginin. Ɗakin karatu na ƙasar Ailan ya ɗora hotunan rajistar da ta kai har wajen 1880 a intanet kyauta tun 2015. Rajistar haihuwa ta gwamnati ta fara a 1864, ita ma ta tsira. Ƙidayar 1901 da 1911 suna nan, za su nuna miki waɗanda suka rage a gida. Akwai kuma kundin Griffith na 1847 zuwa 1864, mai jera masu riƙe da gida da gona ƙauye-ƙauye.

Idan kin shiga rajistar coci ki yi haƙuri da rubutun. Da yawa da Latin ne, James ya zama Jacobus, Patrick ya zama Patricius. Ki lura da sunayen waɗanda suka tsaya wa jariri ranar baftisma, yawanci dangi ne ko maƙwabta, su ne za su raba miki Murphy ɗinku da na wasu. Shekaru kuwa kada ki yarda da su ido rufe, ki ba da tazarar biyar gaba da baya.

Surukar taki, Allah ya ƙara mata lafiya, ki zauna da ita a makon nan ki ɗauki muryarta a waya. Ki tambaye ta sunayen 'ya'yan kakan bi da bi, domin a al'adarsu ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba yake ci, ta nan za ki iya gane sunan mahaifin Murphy ɗinku. Abin da kika samu ki kawo nan mu duba tare.