Tambayoyinku Kan Fasaha: Waya a Cikin Taɓon Bikin Trinidad

Tambaya: Malam, karatu ya kawo ni Trinidad, tsibirin da ke yankin Caribbean, kuma bana nake so in fita kallon bikin Carnival. An ce a fitar asuba da suke kira J'ouvert ana watsa wa mutane taɓo da fenti. Wayata IP68 ce, ba ta jin ruwa, ai ba matsala ko? Daga wani ɗalibi a Port of Spain.

Amsa: Ɗan'uwa, akwai matsala, babba ma kuwa. Wannan IP68, wato lambar da ke nuna juriyar waya ga ƙura da ruwa, da kuke haddacewa daga jikin kwali tana ci mini tuwo a ƙwarya. Gwajin da aka yi wa wayarka, a ruwa mai tsabta aka yi shi, a ɗakin gwaji, lokacin tana sabuwa fil. Ba wanda ya tsoma ta a fenti. Kai kuma inda za ka, tun wajen ƙarfe huɗu na asubahin Litinin jama'a ke cika tituna suna shafa wa juna taɓo da fenti da baƙin mai, ba sa ware ɗan kallo. Al'ada ce mai tushe a tarihin bayin da aka 'yanta a 1838, kuma har yau da gaske ake yin ta. Fenti in ya bushe a ramin caji ko a kan lasifika, sai mai gyara. Ƙari a kan haka, roba da gam ɗin da ke tare ruwa suna saki da tsufa, balle in wayar ta taɓa faɗuwa ko an canja mata gilashi.

Ka sayi jakar roba mai rufewa ruf, mai igiya, ka rataya ta cikin riga. In kana da tsohuwar waya, ita za ka fita da ita. In kuma ta jiƙe, ka kashe ta, kada ka sa caji sai ramin ya bushe sarai. Don Allah kada ka binne ta cikin shinkafa wai don ta bushe, ka bar shinkafa a tukunya, ƙurarta ma shiga ramukan take yi.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ka tambaya ba. Yaushe rabonka da ka duba ko hotunanka suna hawa Google Photos ko iCloud? Waya ta ɓace a cunkoson Queen's Park Savannah, babban filin da ake taron bikin, layinka na ciki, lambar sirrin da banki da WhatsApp za su turo kuma ta wannan layin za ta zo. Ka ga an rufe ka a waje ke nan, a ƙasar da ba taka ba. Kafin ranar, ka kunna tsarin nemo waya in ta ɓace, irin su Find My, ka sa wa layin lambar kulle, ka kwafi lambobin ko-ta-kwana na asusunka na Google a takarda ka bar ta a ɗaki. Ni takarda nake yarda da ita a nan, kuma ba zan gaji da faɗa ba.

Tambaya: Ina so in kalli jerin gwanon kai tsaye daga Kano, ƙarfe nawa zan zauna? Daga wata Hajiya.

Amsa: Hajiya, mun riga su da awa biyar, huɗun asubarsu taran safiyarmu ce. Bikin yana faɗowa Litinin da Talata kafin Larabar Toka ta Kiristoci, don haka ranar tana motsawa tsakanin Fabrairu da Maris. Talata ce ranar cikakkiyar kwalliya, ta fuka-fukai da duwatsu masu ƙyalli, kamar hawan daushe a wajensu. Ki nema a YouTube, ki sauke ingancin hoton zuwa 480p don kada data ta ƙare kafin la'asar.

Tambaya: Na ɗauki makaɗan gangar ƙarfe da waya, amma sautin duk ƙara ce.

Amsa: Ka matsa kusa da yawa. Gangunan nan da durom ɗin mai ake ƙera su, kuma a gasar Panorama ta makaɗan gangar ƙarfe a Trinidad, wadda aka fara a 1963, makaɗa da yawa ne ke bugawa a tare. Ɗan makirufon waya ba zai iya ɗauka ba. Ja da baya, ka kuma cire yatsanka daga ƙasan wayar, inda makirufon yake.

Tambaya: Cajata ta Najeriya za ta yi aiki a can?

Amsa: Karanta rubutun jikinta. In ka ga 100 zuwa 240V, za ta yi. Wutarsu 115V ce, soket ɗinsu irin na Amurka, mai baki biyu shafaffu, sai ka nemi kan da zai shiga.