Kuɗin tallafi zai shigo ƙauyenmu: in cika shago ne, in buɗe littafin bashi?

Tambaya: Ni ɗan tireda ne a wani ƙauye na jihar Jigawa, ina sayar da kayan masarufi, kuma ina taɓa sayen hatsi da kaka. Wata ƙungiya ta rubuta sunayen matan gida tamanin da suka fi kowa talauci, an ce za a riƙa tura wa kowacce Naira 20,000 duk wata har shekara guda. Tun ba a fara biya ba wasu sun fara zuwa neman bashi, a kan za su biya idan kuɗin ya zo. Ina tunanin sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗata biyu in cika shago, wani abokina kuma ya ce in ƙara farashi tunda kuɗi zai wadata. Amma ina tsoron kuɗin da ba a sha wahalarsa ba zai sa mutane su saki noma, ya ƙare a biki. Mene ne shawararka?

Amsa: Alhaji, zan fara da tsoron da ka ambata a ƙarshe, domin duk sauran lissafin ya rataya ne a kan abin da waɗannan gidaje za su yi da kuɗin. Ba sai mun je nesa neman shaida ba. Daga 2014 an gudanar da wani shiri a ƙananan hukumomin Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma a Jigawa, da Anka da Tsafe a Zamfara, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ta hannun ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger. Ana ba mace mai juna biyu Naira 3,500 duk wata har abin da ta haifa ya cika shekara biyu, daga baya aka mayar da shi 4,000. Masu binciken da suka bi sawun gidajen na tsawon shekara huɗu sun tarar tsumburewar yara ta ragu, matan da ke sana'a sun ƙaru, dabbobin da suka mallaka ma sun ƙaru. A wasu ƙasashen ma haka abin yake: masana biyu na Bankin Duniya sun tattara bincike 19 daga Afirka da Asiya da Latin Amurka, ba su ga kuɗin tallafi ya ƙara sayen taba ko giya ba, wasu masanan kuma sun duba shirye-shirye bakwai a ƙasashe shida, ba su ga mutane sun rage aiki ba. Za ka sami gida ɗaya ko biyu da za su ɓarnatar, kuma labarinsu ne zai fi yawo a majalisa, amma ɗan kasuwa ba ya gina lissafinsa a kan gida biyu ya bar saba'in da takwas.

Abin da kuɗin nan yake canzawa a gidan talaka shi ne lokaci, kuma kai da kake sayen hatsi ka fi ni sanin haka. Magidancin da ba shi da ko sisi yana kai geronsa kasuwa da kaka, lokacin da ya fi arha, domin ya biya bashi ya sayi magani, sannan ya dawo ya sayi geron nan da tsada a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya zama wayam. A makon da gonarsa take bukatar noma, shi yana gonar wani yana ƙwadago don a ɗora tukunya da daddare, ciyawa kuwa ba ta jiran kowa. Idan yaro ya kwanta, akuyar da ake sa ran za ta haihu ita ce ke tafiya kasuwa a kowane farashi. Duk waɗannan asarori ne na wanda ba shi da ikon jira. Ranar da uwargida ta tabbata cewa wani abu zai shigo ƙarshen wata, gidan ya sami wannan iko: a bar gero a rumbu, maigida ya tsaya a gonarsa, akuya ta haihu. A Nijar, inda shirin gwamnati da Bankin Duniya ke tallafa wa ya fara biyan sefa 10,000 duk wata a 2011, wato jaka goma, an koma ƙauyukan jihohin Tawa da Tilaberi wata 18 bayan an daina biya, aka tarar gidajen da suka karɓa sun fi takwarorinsu dabbobi, kuma matansu sun fi shiga adashi. Adashin nan abin lura ne, domin ta hanyarsa ne mata ke mayar da ɗan kuɗin wata-wata ya zama dunƙulallen jari da zai sayi tunkiya.

Wannan yana da wani ɓangare da ba zai yi maka daɗi ba, kuma gara ka ji shi tun yanzu. Hatsin da kake samu da arha a ƙofar gida da kaka zai ragu a bana, saboda waɗanda dole ke sa su sayarwa ba su da wannan dolen. Ni ina ganin alheri ne ga ƙauyen, kuma a ƙarshe alheri ne gare ka, domin maƙwabcin da ke da hatsi a rumbu ya fi wanda ke bara amfani ga mai shago. Sai dai ka sa shi a lissafi, ka shirya zuwa kasuwa ka saya kamar kowa.

Batun ƙara farashi kuwa, ban goyi bayan abokinka ba. Bincike mafi girma da aka yi a kan wannan tambaya an yi shi ne a yankin Siaya na ƙasar Kenya, inda ƙungiyar GiveDirectly ta ba gidaje fiye da 10,500 kimanin dala 1,000 kowanne a gwajin da ya shafi ƙauyuka 653. Kuɗi ne mai yawan gaske idan aka kwatanta da tattalin arzikin yankin, amma farashi bai tashi ba sai da kimanin kashi 0.1 cikin ɗari, kuma kowace dala ɗaya ta haifar da hada-hadar kusan dala biyu da rabi, har waɗanda ba a ba su komai ba suka amfana. Dalilin a fili yake: mai shago da mai injin niƙa da tela dama suna zaune rabin yini ba ciniki, da masu saye suka ƙaru sai suka ƙara aiki da kayan da suke da su. Inda aka ga akasin haka shi ne a wasu ƙauyuka masu nisa na ƙasar Filifin, waɗanda kai kaya cikinsu ke da wuya kuma mafi yawan gidajensu ke karɓar tallafi. A can farashin ƙwai da kifi da makamantansu ya tashi, yaran gidajen da ba sa cikin shirin suka cutu. Ka tuna cewa a ƙauyenku ma akwai gidajen da ba a rubuta ba, wasunsu da ƙyar suka fi waɗanda aka rubuta, kuma idan ka ƙara Naira ɗari a kan kwanon gari su ne za su fara ji a jikinsu. Ta fuskar kasuwa zalla ma dabarar ba ta ɓullewa, domin macen da ke riƙe da tsabar kuɗi tana da zaɓin da ba ta da shi a da: za ta ba yaro kuɗin mota ya sayo mata a kasuwar mako. Ribarka tana cikin yawan juya kaya, wato buhun da kake sayarwa a mako uku ya ƙare a mako ɗaya.

Yanzu ga batun sayar da sa. Gida tamanin sau Naira 20,000 ya kama miliyan ɗaya da dubu ɗari shida a wata, adadin da ke sa zuciyar ɗan kasuwa rawa. Amma cire abin da zai tafi ga hatsi, da tsohon bashi, da kantin magani, da zubin adashi, da sayen ƙananan dabbobi, da rabon sauran masu shago. A ce Naira 300,000 ce ta biyo ta shagonka, kuma a ce ribarka kashi goma ce cikin ɗari, ka sami 30,000 a wata, 360,000 a shekara, daga nan kuma famfon ya rufe. Ka ɗora wannan a kan sikeli ɗaya da abin da za ka biya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis idan ka tashi sayen wani sa baɗi, da kuɗin huɗar da za ka rasa, tunda sa ɗaya ba ya jan garma yadda biyu ke ja. Har ma ina sa ran neman huɗa zai ƙaru a daminar da ke tafe, domin gidajen da a da ba sa iya biyan mai shanu za su iya a bana. Kada ka sayar. Ka ƙara kaya daga ribar da ke shigowa, kaɗan-kaɗan, bayan ka ga biya na farko da na biyu da idonka, ka kuma ga abin da mutane suka nema.

Kan bashi ne na fi jin tsoro a gare ka. Kuɗin tallafi yana makara, wani lokaci yana tsayawa cak ba tare da sanarwa ba. Shirin gwamnatin tarayya da aka fara a 2016 na Naira 5,000 a wata, a dunƙule aka riƙa biyansa, 10,000 duk wata biyu. Na Naira 25,000 sau uku da aka ƙaddamar a watan Oktoba na 2023 domin gidaje miliyan 15, an dakatar da shi a Janairun 2024, ya ɗauki lokaci kafin a ci gaba. Na ƙungiyoyi ma yana rataye ne da masu ba su kuɗi daga waje. Idan ka rarraba rabin kayan shagonka a kan alkawarin da ba kai ka ɗauka ba, sannan biya ya makara wata uku, jarinka ya maƙale a gidajen da ba ka da zuciyar matsa musu, kuma darajarsa tana zaizayewa, kamar yadda muka gani a 2024 da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ba ina nufin ka rufe ƙofa ba, bashi hanji ne, kuma mai shagon ƙauye da ba ya ba da shi ba ya daɗewa. Abin da nake so shi ne ka yi masa iyaka. Kafin biya na farko, kada ka ba kowa fiye da abin da ka saba ba shi. Bayan an fara biya, kada bashin gida ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin wata guda, kada kuma jimlar abin da kake bin mutane ta wuce kashi ɗaya cikin goma na jarinka. Ka rubuta komai a gaban mai karɓa, kamar yadda ayar bashi a Suratul Baƙara ta yi umarni, kuma farashin bashi ya zama daidai da na hannu. Abu ɗaya kuma ina roƙonka da girman Allah: kada ka karɓi katin cire kuɗi ko layin wayar wata mata a matsayin jingina. Wasu 'yan kasuwa na yin haka, kuma shi ne hanya mafi sauri ta mayar da tallafi ya zama sabon ƙangi, gidan ya ƙare shekara bai taɓa riƙe kuɗinsa ya yi shawara a kansa ba.

Tambayar da ya kamata ta fi damunka ita ce yadda ƙauyen zai kasance a wata na goma sha uku. Tallafi ba ya mayar da talaka attajiri. A arewacin Yuganda an ba matasa jari a 2008, bayan shekara huɗu suna samun fiye da takwarorinsu da kusan kashi 38 cikin ɗari, amma bayan shekara tara takwarorin sun kusa kamo su. Abin da ya fi daɗewa shi ne wanda aka haɗa da sana'a. A Nijar, da aka ƙara wa matan da ke karɓar kuɗin wata-wata ƙungiyar adashi da horo da jarin sefa 80,000 a dunƙule, sakamakon da mujallar Nature ta buga a 2022 ya nuna cinikin sana'o'insu ya ƙaru sosai. A nan kasuwarka ta gaskiya take. Cikin matan nan tamanin wasu za su fara ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wasu awara, wasu ƙosai, wasu su ɗaure tunkiya don babbar Sallah. Kowacce tana bukatar mai kawo mata gyaɗa, da waken suya, da mai, da dusa, a ƙaramin awo kuma a farashin sari, ba tare da ta jira ranar kasuwa ba. Mai sayen sukari da sabulu da kuɗin tallafi zai ragu ranar da aka daina biya, amma mai tuyar awara za ta dawo gobe da kuɗin da ta samu yau.

Saboda haka ka raba littafinka gida biyu tun watan farko, shafi ɗaya na abin da ake saye don ci, ɗaya na abin da ake saye don sana'a. Idan aka shiga wata na tara, ka fara rage sarin kayan shafin farko domin kada ƙarshen shirin ya same ka da kaya jibge, ka karkatar da kuɗin zuwa kayan shafi na biyu, gwargwadon yawan matan da ka ga sana'arsu ta kama ƙasa.