Amsa: yadda za ku karrama metir ɗinku

Ɗan'uwa, ka ce metir ɗinku, wato malaminku na taekwondo, ya tsufa bayan sama da shekara talatin yana koyarwa a nan Yamai, kuna so ku karrama shi amma kun rasa ta ina za ku fara. Ni dai shawarata kada ku tsaya ga takardar yabo da hoto kawai. Malaman nan yawancinsu ba albashi gare su ba, a filin lakkol suke horo bisa siminti, ba tatami (shimfiɗar horo mai laushi), yaron da ubanshi bai da kuɗin wata ma ba su korar shi, wani lokaci su ne ke cire kuɗin tasi daga aljihu su kai yara gasa. Yanzu gwiwa ta gaji. To ku haɗa kotizasiyon, kowa abin da ya samu ko jikka biyu ce, ku kai shi asibiti a duba ƙafafun, ku sai mai buhun shinkafa da shadda mai kyau.

Ranar bukin kuma ku nemo tsofaffin ɗalibanshi duk inda suke, har na Tawa da Maraɗi, kowa ya sa kayan horo ya ɗaure ɗamara, a jera a rusuna mai kamar da, a gaban iyalinshi. Wallahi wannan zai taɓa shi ƙwarai. Ka tuna Alfaga, ɗan taekwondonmu da ya kawo mana lambar azurfa daga wasannin Olamfik na Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017, shi ma wani malami ne ya fara nuna mai yadda ake ɗaga ƙafa.

Ku sanar da federasiyon ta taekwondo da wuri su turo wakili, kuma ku yi kafin azumi in da hali.