Gishirin da aka ce ya tare miki hanya

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce wata 14 ke nan da aurenki, ko ɓatan wata ba ki taɓa yi ba, uwar mijinki kuma ta ce gishiri ne ya tare hanya, a kira wanzami ya yanke. Kina tambaya ko al'adarmu ce, ko kuma ƙin yi zai zama raini. Sai da na yi murmushi, don na ɗauka maganar gishiri ta bi kakanninmu kushewa. Daga baya kuma hankalina ya tashi.

Al'adarmu ce, ba zan ɓoye miki ba. Muna 'yan mata, duk abin da ya gagara a jikin mace gishiri ake ce masa: haila ta ɗauke, amarya tana jin zafin kwanciya, ciki ya ƙi samuwa, naƙuda ta yi tsawo. Akan shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki da sassafe, a dafa ruwa, mata biyu su danne ƙafafu, ɗaya ta riƙe kafaɗa. Wanzami ko ungozoma ta sa aska ta cikin gaba ta tsaga ɓangaren sama, ba tare da ido ya ga inda kaifin yake bi ba. In jini ya zubo baƙi sai a ce ga ciwon nan ya fita. To daidai bayan wurin nan mafitsara take da hanyar fitsari, fatar da ta raba su ba ta kai kaurin yatsa ba. Aska ta ɗan zarce, shi ke nan, bayan kwana biyu zane ba ya bushewa, tabarma tana wari, a ware wa yarinya kwanonta. Yoyon fitsari ke nan. Wadda ta tsira daga wannan, tabo kan tsuke mata gaba har haihuwar da ake nema ta zo da wuya. Irinsu ake yi wa ɗinki a asibitin Babbar Ruga ta Katsina da sashen Laure na asibitin Murtala a Kano. Tsofaffin nan ba mugunta suka yi ba, iyakar saninsu ke nan. Amma su ɗin ne dai suke cewa ruwa ba ya tsami banza, a nemo abin da ya sa.

Fara da lissafin kwanakinki. Ƙwai yakan fito kimanin kwana 14 kafin haila mai zuwa. In zagayenki kwana 28 ne, ranar 14 ke nan daga ranar da kika fara ganin jini. In kwana 32 ne, wajen ranar 18. Ƙwan ba ya wuce yini da kwana, amma maniyyi yana iya kai kwana 5 a jikin mace, saboda haka a sadu duk bayan kwana ɗaya ko biyu a makon da ya gabaci ranar. Maigidan da ke fatauci, ya zo gida sau ɗaya a wata, sau da yawa a nan kawai matsalar take. In kuwa hailarki tana tsallake wata biyu ko uku, ko gashi na fito miki a haɓa, ko nono na ɗigar ruwa alhali ba kya shayarwa, ƙwan ne ba ya fita a kan kari, gwajin jini da sikanin za su nuna.

Abin da ya fi damun matanmu toshewar bututun da ke kai ƙwai mahaifa ne. Ciwon sanyi na saduwa da ba a yi maganinsa da kyau ba, ko ƙwayar cuta bayan ɓari, su ke barin tabo a ciki. Ana ganewa da hoton HSG, a zuba ruwan rini ta bakin mahaifa a ɗauki hoto, bayan jini ya ɗauke, kafin kwana 10 na zagaye. Aska a bakin ƙofa ba ta isa can ba.

Ku ma 'yan zamani kuna da naku gishirin. Matsin da kuke saya a Facebook ku cusa, ba ku san me aka haɗa ba, yana ƙona fata ya jawo cuta. Ga Clomid, maganin sa ƙwai ya fito, daga kemis babu sikanin, ga "maganin sanyi" gora-gora. Ki bar su.

Kakarki kan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi maigidan an duba shi? Namiji yana iya zama lafiyayye a shimfiɗa, ƙwayoyin maniyyinsa kuma su yi ƙaranci ko su kasa motsi, saboda hangum da ya sauka masa a maraina bayan balaga, ko kumburin jijiyoyin wurin, ko taba da tiramadol. Gwajinsa ya fi naki sauƙi da araha: ya ƙaurace miki kwana 2 zuwa 7, a kai samfurin ɗakin gwaji cikin awa ɗaya. In sakamakon bai yi kyau ba a sake bayan wata 3, don kusan tsawon lokacin da sabon maniyyi ke ɗauka ke nan. Haihuwa ta Allah ce, Ya faɗa a Suratush Shura, amma bai hana neman magani ba, ku kuma kun haura shekara, lokacin zuwa wurin likitan mata ya yi.

Ita uwar mijinki jika take so, kada ki yi mata musu a tsakar gida. Ki bari ɗanta ya yi mata magana. In ya nuna nauyin baki, ki gaya mini ranar da yake gida, zan zo in gaishe ta.