An ce in kira ɗalibi da sunan da ya zaɓa: ina da hurumin ƙi?

Tambaya: Ina koyarwa a wata sakandaren gwamnati a jihar Indiyana. An umarce mu da kiran ɗalibai masu sauya jinsi da sunan da suka zaɓa wa kansu, ni kuwa addinina bai bar ni ba. Ai tsarin mulkin Amurka ya ba ni 'yancin ƙi, ko?

Amsa: Malam, a bi a hankali. Tsarin mulki da kake dogaro da shi ba lallai ya rufa maka asiri a aji ba. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Garcetti a 2006, maganar da ma'aikacin gwamnati ya yi a bakin aikinsa galibi ta wanda ya ɗauke shi aiki ce, kuma kiran suna a aji yana iya faɗawa nan.

Inda kake da ɗan makama shi ne Sashe na 7 na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964. Shi ma bai ce ka ƙi bin umarni ba, cewa ya yi ka nemi sassauci saboda addini. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Groff a 2023, makaranta ba za ta hana ka ba sai ta nuna sassaucin zai ɗora mata nauyi mai yawa. To amma tana iya kawo hujjar cewa ɗalibai na cutuwa, kuma kotu na sauraren irin wannan.

A jiharku aka yi shari'ar John Kluge, malamin kiɗa a Brownsburg. An yarje masa ya riƙa kiran kowane ɗalibi da sunan iyali kawai, aka yi ƙorafi, makaranta ta janye, ya bar aiki a 2018. Har 2025 ana kai-kawo a kotu. Shekara bakwai ke nan, ka duba ko aljihunka zai ɗauka.

Saboda haka ka rubuta wa ofishin kula da ma'aikata takarda, ka faɗi abin da ba za ka iya ba da wanda za ka iya. Sau da yawa matsalar ba a sunan take ba, a "shi" da "ita" take. In sunan kaɗai za ka iya kira, an kusa daidaitawa. Ka tambaya ko an shigar da sunan a rajistar makaranta, domin dokar Indiyana ta 2023 ta wajabta sanar da iyaye a rubuce cikin kwanakin aiki 5 idan ɗalibi ya nemi a canza sunan da ake kiransa da shi. Ya kamata a ce sun yi muku wannan bayanin tun kafin su ba da umarni.

Kada ka kira yaron da tsohon sunansa gaban 'yan aji, kada ka yi masa wa'azi. Wannan kaɗai na iya zama hujjar kora. Kada kuma ka ajiye aiki cikin fushi. Ka tafi zama da wakilin ƙungiyar malamai.

In an ƙi, akwai EEOC, hukumar gwamnatin tarayya mai sauraren ƙorafin wariya a wurin aiki, tana ma shirya sulhu kyauta. Wa'adin kai ƙorafi kwana 180 ne, wasu wuraren 300. Ka ɗauki 180 ɗin, ka ga lauyan ƙwadago na jiharku kafin ka sa hannu a kowace takarda.